Gayya, Baitulmali da Kaso: Tarihin Kuɗin Aikin Gari a Birnin Zazzau

Akwai waɗansu kalmomi da ba su rabuwa da bakin iyayenmu, amma yau idan muka rubuta su a allo sai ɗalibai su yi ta kallonmu kamar mun yi musu wani yare. En'e, baitulmali, malamin haraji, ɗan doka, duba-gari, diban gwamna. Yaron da aka haifa a nan Kusfa, cikin ganuwa, ya san ciyaman da kansila, ya kuma ji ana cewa kaso ya zo ko kaso bai zo ba, amma bai san cewa kakansa ya taɓa kwana bai runtsa ba saboda sule goma na haraji. A cikin waɗannan tsofaffin kalmomi ne tarihin kuɗin jama'a yake kwance, wato yadda ake tara su, da wanda yake riƙe su, da abin da yake komowa unguwa daga cikinsu. Wannan shi ne abin da muke so mu bi sawunsa a birnin Zazzau.

Kafin zuwan Turawa babu wani asusu da ake kira na gari dabam da na sarki. Talaka yana biyan kuɗin ƙasa, wanda a ƙasar Zazzau aka fi ƙididdige shi a kan galma, shi ya sa ake ce masa kuɗin galma. Marini yana biyan kuɗin karofi, mai lambu kuɗin rafi, Bafillace jangali. Hakimai a cikin birni suke zaune, jakadunsu ne suke fita ƙauyuka su karɓo. Dagaci ya ɗebi nasa, jakada ya ɗebi nasa, hakimi ya ɗebi nasa, abin da ya rage ya isa hannun Ma'aji a fada, daga nan kuma a fitar da gaisuwar da ake kai wa Sakkwato. Wuri ne kuɗin, da tufafi da dawaki da bayi. Bature M. G. Smith, wanda ya zauna a ƙasar nan ya rubuta littafi a kan sarautar Zazzau da ya fito a 1960, ya yi bayanin wannan tsari daki-daki.

To, da me ake aikin gari? Da jikin mutane. Ganuwar da ta kewaye mu, mai tsawon kusan mil goma, da ƙofofinta irin su Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Kona, ƙasa ce aka kwaɓa aka ɗora, ƙasa kuwa kowace damina sai ta ci rabonta. Saboda haka idan ruwa ya ɗauke akan yi shela, a raba aiki tsakanin masu sarauta, kowa ya fito da mutanensa, magina a sama, masu miƙa tubali a ƙasa, makaɗa suna zuga su. Babban Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, a shekarun 1830, shi ma hannu da yawa ne ya tashe shi. Mukan ji marubuta suna yabon wannan zamani suna cewa gayya ce, kowa don son ransa ya fito. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Gayyar da maƙwabci ya kira don yaɓen katanga dabam take da wadda dogari ya kira, kuma babban kaso na aiki mai nauyi bayi ne suka yi shi, waɗanda ba a tambayi ra'ayinsu ba. Abu ɗaya dai da ba a musu a kansa shi ne, wanda ya ba da guminsa yana ganin inda gumin ya tafi. Bangon da ya ɗora yana nan tsaye a gabansa.

Turawa sun shigo Zariya a 1902, Razdan na farko shi ne Kyaftin Abadie, wanda mutane suka laƙaba wa Mai Jimina. Suka tuɓe Sarki Kwasau, aka naɗa Aliyu Ɗan Sidi a 1903. Wani aikin gari da sabuwar gwamnati ta ɗora wa mutanen Zazzau bai shafi lungunansu ba ko kaɗan. Hanyar jirgin ƙasa ce daga Baro zuwa Kano, wadda aka fara a 1907 aka ƙare a 1911. Ta hannun sarki da hakimai aka riƙa ɗibar mutane ana kai su bakin diga, ana biyansu da ƙarfen nasara, sa'an nan a juyo a ce da wannan ƙarfen za su biya haraji. Shi kansa Sarki Aliyu, da yake mawallafi ne, ya bar mana Waƙar Diga a kan wannan aiki. Ya kamata 'yan'uwa marubuta su neme ta, don ba kasafai ake samun wanda aka sa ya tara leburori ya zauna ya rubuta abin da idonsa ya gani ba.

A daidai wannan lokaci ne aka fito da hakimai daga birni aka zaunar da kowa a gundumarsa, aka haɗe yawancin kuɗaɗen nan na da suka zama haraji guda, sai jangali a gefe. Daga nan sai baitulmali. A Katsina aka fara gwada shi a hannun wani Bature mai suna Palmer, kafin a 1911 a yarda da shi a sauran manyan masarautun Arewa, har da Zazzau. Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Harajin da aka tara a raba biyu, rabi na gwamnati, rabi na En'e. Rabon En'e kuma ba zai shiga aljihun sarki ba, za a zuba shi a ɗaki mai ƙofar ƙarfe, a rubuta a littafi. Sarki ya koma ɗan albashi, haka waziri da alƙali da hakimi da dogari. Daga baya an ƙara wa manyan En'e kason da suke riƙewa ya haura rabi. Da Gwamna Lugga ya komo a 1912 bai ji daɗin abin ba, ya so ya mayar da kuɗin ƙarƙashin baitulmalin gwamnati kai tsaye, amma Razdanonin Arewa da ofishin mulkin mallaka na Landan ba su ba shi goyon baya ba.

Mu ba wa wannan canji haƙƙinsa. A karo na farko an raba dukiyar sarki da dukiyar ƙasa, an kuma wajabta cewa kafin shekara ta kama sai an rubuta abin da ake sa ran samu da abin da za a kashe. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai idan mai karatu ya duba yadda ake jera kawunan kasafin En'e, zai ga inda zuciyar tsarin take. Kai na farko fada ce, wato sarki da 'yan majalisarsa da ma'aikatansu. Sai hakimai, sai dagatai, sai alƙalai, sai ma'aikatan baitulmalin kansa, sai 'yan doka, sai gidan yari. Sai an sauka ƙasa sosai sa'an nan a tarar da ayyuka, da ilmi, da asibiti, da gona da daji da dabbobi. A shekarun farko albashin masu mulki shi ne yake lashe mafi yawan kuɗin. Wato dai ana karɓar haraji ne a biya waɗanda suke karɓar haraji, da waɗanda suke kama wanda bai biya ba, da waɗanda suke tsare shi. Abin da ya yi saura shi ne na hanya da rijiya da rumfar kasuwa.

Ko sauran ma ba duka ake kashewa ba. Doka ce kowace En'e ta ajiye rara saboda bacin rana, kuma babban ɓangare na wannan rara a Landan ake juya shi ta hannun wakilan gwamnatin Ingila, ana ba da shi rance ga wasu ƙasashe na daular. Lokacin Yaƙin Duniya na Farko da na Biyu baitulmalin Arewa sun ba da gudummawar kuɗi don yaƙin. Mutumin Kusfa da yake tsallake kwata a ƙofar gidansa bai san cewa sulensa ya je Turai ya yi aiki ba.

A nan ne muke ganin babban aibin baitulmali, wanda ya bi mu har yau. Littafin yana nan, ana kuma duba shi sosai, amma fuskarsa sama take kallo. Di'o yakan zo ya ƙirga kuɗin da ke cikin ɗaki ya gwada da abin da ke rubuce. Kasafi ba ya aiki sai Razdan ya sa hannu, Kaduna ta amince. Idan aka buga shi, da Turanci ake bugawa. Ma'aji yana tsoron odita ƙwarai da gaske, amma ba shi da dalilin jin tsoron mai biyan haraji, don babu wata ƙofa da mai biya zai bi ya tambaye shi. Mai unguwa ya zo da malamin haraji, a kira suna, a biya, a ba da rasit. Wannan 'yar takarda ita ce iyakar abin da talaka yake gani na lissafin. Tsofaffinmu sukan adana ta cikin layar fata ko cikin gafaka, saboda a kan hanya ana iya tsayar da mutum a ce ya nuna ta. Rasit shaida ce cewa ka biya, ba ta ba ka ikon tambayar abin da aka yi da kuɗin.

Wani abin lura kuma shi ne yadda garin kansa ya rarrabu. Jirgi ya kawo Sabon Gari a bakin tasha, aka yi unguwar Turawa can gefe da filin da ya raba su da kowa, aka yi Tudun Wada a wajen Ƙofar Doka don baƙi 'yan Arewa. Dokar garuruwa ta 1917 ta sa ɓangaren tasha da kantuna ƙarƙashin wani Bature mai hukunci, da asusunsa dabam, birni kuwa aka bar shi ga En'e. Can aka shata tituna miƙaƙƙu da magudanan ruwa tun kafin a yi gini. Nan cikin ganuwa gidaje sun riga hanya, lungu yana bin katanga, ruwan sama yana neman kududdufi ko ya gangara Kamaca. Kududdufan nan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini su ne magudanarmu, su ne kuma gidan sauro. Maganin da hukuma ta fi ba birni shi ne duba-gari, mai shiga gida ya leƙa randa, in ya ga tsutsa ya rubuta sammaci. Tara ta fi arha bisa gina lambatu.

Kada a ce En'e ba ta yi kome ba, don ta yi. Tana da sashen ayyuka da yadinta, da kafintoci da magina da maƙera da direbobi masu albashi, kuma samari da yawa a can suka koyi sana'ar da suka ci abinci da ita har tsufa. Ita ta riƙe makarantun elementare da Midil ta Zariya, wadda ta zama Kwalejin Alhudahuda. Ita take gyaran hanyoyin rani da kwalbatoci, da ɗakunan shan magani na gundumomi, da rijiyoyin siminti, da mahauta. Kano, da yake baitulmalinta ya fi na kowa ƙarfi, da kuɗinta ta kawo wa birninta ruwan famfo da lantarki a 1931. Zariya ba ta ga nata ruwan ba sai wajen 1939, a farkon sarautar Sarki Ja'afaru, kuma a lungunan birni rijiya da ɗan garuwa ba su daina aiki ba. Sa'an nan aikin tilas bai mutu ba don an buɗe baitulmali. An ci gaba da fito da mutanen ƙauye sharar hanya da gina barikin saukar Turawa, har dokar 1933 ta rage abin. Da yaƙi ya matsa, daga 1942 zuwa 1944, sai ga diban gwamna, aka kwashi dubban mutane daga lardunan Arewa, har da Zazzau, zuwa haƙar kuza a Jos, da yawa ba su komo ba.

Mu mutanen birni mukan yi kukan cewa unguwar Turawa ta sha gabanmu. Adalci ne mu faɗi cewa akwai masu irin wannan kuka a kanmu. Harajin da yake cika baitulmalin Zazzau daga ƙauyuka yake fitowa, daga manoman auduga na arewa da kuma al'ummomin kudancin lardin, amma manyan albashi da manyan gine-gine a Zariya suke. Mutanen kudu sun daɗe suna cewa suna biya ba sa gani, sun kuma kai wannan ƙara gaban hukumar Willink da ta zagaya ƙasar nan a 1957 da 1958 don sauraron ƙananan ƙabilu. Wanda yake son ya fahimci rashin jituwar da ta biyo baya a Jihar Kaduna, to, kada ya tsallake shafin kasafin En'e.

Waɗanda suka fara ɗaga murya a kan wannan littafi mai kallon sama, yawancinsu 'ya'yan tsarin ne, malaman makaranta da ma'aikatan En'e. A watan Agusta na 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisar Kaduna ya nemi a binciki tsarin En'e gaba ɗaya a gyara shi, don talaka ba shi da bakin magana a cikinsa. A wannan watan ne kuma aka kafa NEPU a Kano, wadda ta mai da zaluncin haraji babban abin da take wa'azi a kai. A nan Zariya Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri saboda irin wannan magana, ga shi yau sunanta ne a kan asibitin Ƙofar Gayan. Abin da ya biyo baya shi ne aka daina cewa sarki shi kaɗai ne En'e, aka ce sarki da majalisarsa, dokar 1954 ta tabbatar da haka. Aka kakkafa majalisun gunduma da na gari masu zaɓaɓɓun wakilai, aka ba su 'yan kuɗi kaɗan na ƙananan ayyuka. Makarantar horar da akawuna da ke Kongo, wadda ta zama Cibiyar Koyon Mulki a 1954, ta riƙa yaye ma'aji da malaman baitulmali na dukan Arewa. Har jaridun larduna aka yi a zamanin Yaƙi da Jahilci, irin su Bazazzaga tamu da Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina, waɗanda da an so da sun zama allon da za a riƙa baje wa jama'a lissafi da Hausa. Ƙofa ta ɗan buɗe, amma manyan kuɗi suna nan inda suke. Binciken da ya girgiza En'e mafi girma, wato na Muffett a kan kuɗin Kano, wanda ya kai ga murabus ɗin Sarki Sanusi a 1963, daga Kaduna aka aiko shi. Daga sama ne kuma.

Sauran labarin da sauri ya tafi. Soja suka karɓi mulki a 1966, aka yi jihohi a 1967, muka faɗa Jihar Arewa ta Tsakiya. Cikin 'yan shekaru aka karɓe kotunan alƙalai da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Ruwa ya koma hukumar ruwa ta jiha, wadda ta yi sabon aikin kogin Galma a 1975, lantarki kuwa a lokacin yana hannun hukumar tarayya. Gyaran 1976 ya rushe En'e ɗungurungum, aka yanyanka ƙasar Zazzau ƙananan hukumomi, sarki ya koma uban ƙasa mai ba da shawara. Daga baya Sabon Gari ma ta samu tata hukumar dabam da ta Zariya.

Sai 1979, lokacin da Gwamna Balarabe Musa a Kaduna da Gwamna Abubakar Rimi a Kano suka soke haraji da jangali. Duk wanda ya ji labarin yadda ake shanya magidanci a rana a ƙofar hakimi, ko yadda ake rubuta yaron da bai balaga ba, ko a ƙi share sunan mamaci, ba zai yi mamakin murnar da aka yi ba, mu ma ba mu ga abin kewa a cikin wannan azaba ba. An sake maido da irinsa da wasu sunaye a zamanin soja, amma bai ƙara zama ginshiƙin asusu ba. Ginshiƙi ya koma kuɗin man fetur da ake rabowa daga asusun tarayya. Kason ƙananan hukumomi ya tashi daga kashi 10 cikin ɗari a farkon shekarun 1980 zuwa 15, sa'an nan 20 a 1992. Kuɗin da suke shigowa sun ninka na baitulmali nesa ba kusa ba. Amma da can mutum yana iya cewa kuɗina ne, ga rasit, ko da ba a saurare shi ba. Yanzu sunan kuɗin kaso, kamar naman da aka yanka a wani gida aka aiko. Wanda aka aiko wa ba ya tambayar nauyin sa, shi ma mai rabo ba ya jin akwai wanda zai yi wa bayani, sai wanda ya miƙo masa.

Tsarin mulki na 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma a fili: ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa da fitilun titi, kasuwanni da tashoshin mota da mahauta, maƙabartu, kwashe shara, da hannu a cikin ilmin firamare da lafiya matakin farko. Kusan duk abin da yake damun mai zama a lungu yana cikin wannan jeri. Sai dai shi wannan tsarin mulkin ya ce kason ya bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha, inda ake cire albashin malamai da sauran abubuwa kafin ragowar ta iso sakatariya. Jerin kawunan nan na zamanin En'e bai canja sosai ba, albashi a sama, ayyuka a ƙasa. Yadin ayyuka mai magina da kafintoci ya ba ɗan kwangila wuri. Abin da ya rage wa unguwa shi ne ta koma inda ta fito: kafin damina matasa su fito da shebur da baro su yashe kwata, masu hali su kawo siminti, mata su aiko da kunu. Har Masallacin Babban Gwani, da wani sashensa ya rufta a kan masallata a watan Agusta na 2023 aka yi asarar rayuka, da gidauniya aka nemi kuɗin sake gina shi. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta wa gwamnoni naɗa kantomomin riƙo a madadin zaɓaɓɓu. Hukuncin ya yi magana a kan hanyar da kuɗi za su bi su sauko. Bai ce a liƙa kasafin wata-wata da Hausa a ƙofar mai unguwa ba, wannan kuwa ba ya bukatar kotu, takarda ce da ƙusa.

Ga waɗanda suke neman abin rubutu a cikinmu, takardun lardin Zazzau na zamanin Turawa suna ajiye a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, akwai kuma wasu a Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna. A cikinsu akwai rahotannin shekara-shekara na Razdan, da na ƙididdigar haraji gunduma-gunduma, da kasafin En'e da aka buga, kowane kai da abin da aka kashe bara da abin da aka ware bana. Tsofaffin malaman haraji da leburorin yadi kuwa sun kusa ƙarewa, amma 'ya'yansu suna nan a Kusfa da Kwarbai da Ƙaura da Unguwar Juma, kuma a gidaje da dama ba a rasa tsohuwar adaka da rasit a ƙasanta.